Layi Biyu a Kan Sunan Hasiya

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yau mun gani da idonmu.

Tun da Dakta Maharazu, tsohon malamina na Maradi, ya ba mu aron 'yar na'urar nan nake fargabar kada ta ƙi mu a gaban yara. Wuta ta sha ɗauke mana ana tsakiyar aiki, mu zubar da komai mu watse. Yau ba ta ɗauke ba. 'Yan Tarminal ɗina, wato 'yan ajin ƙarshe, na ƙungiyar kimiyya sun zo da abin da kowa ya kamo: sauro, gara, kiyashi, ƙwaron wake daga rumbu, da fara. Kowa ya yanki ƙarshen cikin ƙwaronsa, ya murƙushe a ɗan bututu, muka fitar da ADN, wato rubutun halittar da ke jikin kowane mai rai. Na'ura ta yi ta ɗumama shi tana sanyayawa, tana ninka shi har azahar. Sannan muka ɗiga a cikin jel, abin nan mai kama da daskararren koko, muka rufe tagogi muka kunna shuɗiyar fitila.

Layi ɗaya na nufin ƙwaron ne kawai, aikinmu ya yi kyau. Layi biyu na nufin akwai Wolbakiya a cikinsa, wata bakteriya da ke zaune a jikin ƙwari, uwa ta ba 'ya'yanta ta cikin ƙwai. Ba ta kama mutum, ba ta kama akuya, ba ta rayuwa sai a cikin ƙwaro. Na faɗa musu wannan tun ranar farko. Na rubuta a tablo, allon kalas, na sa sun kwafa.

Sauro ya ba da layi biyu. Fara ma haka.

Farar ta Salima ce. Uwarta ita ce Inna Hasiya, wadda duk direban da ya ratso tashar Gazawa sai ya taka birki saboda soyayyar fararta. Ta ɗebo wa ɗiyarta masu rai daga buhun da suka kamo da asuba, kafin a tafasa. Na ce wa yara kowa ya sa lamba a kan bututunsa, suka kwashe da dariya, wai ita fara ba ta da lamba, sunan mai ita take amsawa. Gaskiyarsu ce. A nan ba wanda ke cewa a ba shi fara, sai dai a ba shi ta Hasiya, ko ta Adama. Salima ta rubuta HASIYA da manyan baƙaƙe a takardar da muka aza bisa jel ɗin, tana ta murmushi sunan innarta ya shiga kimiyya.

'Yan ƙananan kalas sun taru a bakin ƙofa suna leƙe. Mujahid ya fita ya yi musu bayani, ni kuma na laɓe ina saurare. Wallahi ya fi ni iya faɗa. Yaron nan tun yana Segwan, aji biyu baya, yake bina da tambaya har bakin babur ɗina, shi ke riƙe da mabuɗin labo, ɗakin gwajinmu, tun bara. Shi ya ɗauki hoton jel, don salularsa ta fi tawa ido.

Na kira Dakta na gaya masa. Ya ce, "Ɗiyata, kin fitar da ni kunya."

Talata, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Ƙanwata ta turo mini wani bokal, saƙon murya, daga Tibiri, tare da hoto. Ta rubuta a ƙasa: Yaya, wai gaskiya ne? Ta ce a gungun matan unguwarsu ta same shi, daga can kuma an ce daga Agiye ya fito.

Hoton jel ɗinmu ne. Sunan na nan a sama, layukan biyu a ƙasansa.

Mai maganar ya ce a lakol ɗin Gazawa, wato makarantarmu, an gwada farar Hasiya ta tasha da na'urar da aka kawo daga Maradi, an sami bakteriya a cikinta. Ya ce a cikin ciki take zama. Ya ce daga uwa take bi ta shiga 'ya'ya. Ya yi bayanin layi ɗaya da layi biyu tsaf, a natse, yana ɗan tsayawa inda nake tsayawa in na koyar. Daga nan bokal ɗin ya ƙare.

Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Jimlar ƙarshe ce kawai babu, wadda ke cewa ba ta kama mutum.

Talata, bayan azahar

Na sake saurare. Muryar ce, ta wanda ya ɗauki hoton.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ƙungiya ta zauna, rabin kujeru wayam. Salima ba ta zo ba, tun jiya ba ta shigo lakol ba. Mai gadi ya miƙo mini mabuɗin labo, ya ce wani ɗalibi ya bar masa da sassafe ya ce a ba Madam Rakiya. Ban tambaye shi wane ɗalibi ba.

Na yi niyyar mu duba garar da ta ƙi fitowa ranar Asabar. Na tsaya gaban tablo da alli a hannu, na ga rubutuna na nan a kusurwa ba a goge ba: ba ta kama mutum. Na ce musu su tafi gida.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, kafin magariba

Na je tasha.

Inna Hasiya na wurinta, ƙarƙashin itacen bedin da ke bakin hanyar Agiye, tirenta cike har ya yi tozo. Ban taɓa ganinsa haka da la'asar ba. Motar Maradi ta tsaya, fasinja suka sauko, suka wuce ta kamar ba kowa a wurin, suka yi wa Adama da sauran matan dafifi a can gefe. Wata mai ciki ta fizgo hannun ɗanta da ya nufi tiren.

Ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi mutanen Tibiri, ta jawo mini kujera. Da na ga haka sai na gwammace ta zage ni.

Ta ce, "Madam, ɗiyata ta ce ke kika ce ba komi. To wanga layi na biyu, na mi ne?"

Na yi mata bayani kamar yadda nake yi wa yara, har da zane a ƙasa da tsinke. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce ita ta yarda, shekara da shekaru tana ci tana ciyar da 'ya'yanta, ga su nan ƙatta. Amma ita ba ita ke saye ba.

Wani kwandasta ya hango ni ya ɗaga murya, wai ga Madam mai hangen cikin fara, a zo a kawo mata cikin direba ta duba, don shi ma da alama layi biyu gare shi. Aka yi dariya. Inna Hasiya ma ta yi, kaɗan.

Na sayi mudu, na ci a tsaye a gaban kowa. Wata ta ce ai Madam tana da maganin abin a lakol.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da safe

Na kira Dakta Maharazu, ba a ɗauka ba. Abin da nake so ba shi da yawa. Ya zo, ko ya aiko da murya, ya ce ni ne wane, ga aikina, wannan abu ba ya cutar da mutum. Mutanen nan za su ji maganar mai furfura daga Maradi fiye da ta madam ɗin lakol.

Asabar, bayan la'asar

Ya kira. Bokal ɗin ya riga ya kai gare shi.

Ya ce shi don koyarwa ya ba da na'ura, bai bayar don a gwada abincin mutane ba. Na ce ai shi ya ce mu kamo duk ƙwaron da ke kewaye da mu, kuma na ambata masa fara ranar nan ya yi murna. Ya ce bai tuna ba. Ya ce kada sunansa ko na wurin aikinsa ya fito a cikin wannan magana, kuma in shirya mayar da na'urar kafin ƙarshen wata.

Madam Rakiya ya kira ni daga farko har ƙarshe.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Darekta ya kira ni buro, wato ofishinsa. Shi ne watan jiya ya kawo baƙi labo yana nuna musu na'ura, yana cewa ko a Yamai sai an bincika kafin a ga irinta. Yau ya ce shi ba a sanar da shi za a taɓa fara ba. Ƙungiya ta tsaya sai ya ga hali. Na ce to a ba ni dama in yi magana a taron iyaye. Ya ce maganar ta ishi kowa, in bar ta ta mutu da kanta.

Na ce, "Mushe Darekta, ba maganar ce ke mutuwa ba."

Ya duba agogonsa.

Litinin, bayan azahar

Yaron na cikin kalas, a kujerarsa ta gaba. Na yi tambaya kan rabuwar ƙwayoyin halitta, kowa ya sunkuyar da kai, shi kaɗai ya ɗaga hannu. Na juya na rubuta amsar da kaina.

Talata, 12 ga Nuwamba, da safe

Kowa da abin da yake kawo mini. Malamin lissafi ya ce baffan yaron, Jibo, shi ke ɗaukar buhunan fara yana ƙetara iyaka da su, kuma Inna Hasiya ce ke hana mata karya farashi. Wata ɗaliba ta ce ba haka ba ne, ga aboki ɗaya ya tura don burga, kuma bokal ɗin ya fi haka tsawo, wani ne ya yanke. Mai gadi ya ce Salima ce ta taɓa yi masa dariya a gaban mutane.

Ban san wanne ba. Ba na son in sani. In don baffansa ne, to ya zauna ya auna abin da zai faɗa da abin da zai bari, da ilimin da na ba shi. In burga ce, to mako guda ke nan yana kallon abin da ke faruwa bai buɗe baki ba. Duk inda na juya ba wurin zama.

Na rubuta a tablo. Na sa sun kwafa. Yana cikin kayensa, littafin darasinsa, da rubutun hannunsa.

Laraba, 13 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na yi nawa bokal. Na faɗi sunana da aikina, na ce gaskiya ne mun ga bakteriyar, amma ta ƙwari ce, ba ta taɓa mutum, mai ciki ko maras ciki, kuma tafasa da suya sun gama da duk wani abin da ke cikin fara. Na maimaita sau da yawa kafin ya fito yadda nake so. Na tura wa ƙanwata, da malamai, da majo, babban ma'aikacin gidan likita, wanda ya yi alkawarin zai faɗa wa mata ranar awo.

Yau na ci abinci.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci

Mai awaran ƙofar lakol ta ce da ana gardama, wasu na cewa ƙiren yara ne. Yanzu kam an daina, tunda Madam da bakinta ta ce akwai.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da hantsi

Ya tare ni a bakin ƙofar lakol ina tura babur. Ya rame, ko idona ne. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa. Na tsaya, don na yi zaton yau ce zai amsa laifinsa.

Ya ce, "Madam, ni fa ban yi ƙarya ba."

Na ce, "Na sani, Mujahid."

Ya jira in ƙara, ni ma na jira ya ƙara. Na tada babur.

Na ce ba zan rubuta sunan nan ba kuma, ga shi na rubuta.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da safe

Salima ta dawo. Ta koma kujerar baya, ita da ke faɗa da mutane kan ta gaba. Da aka tashi shan iska na ji wani ya kira ta Layi Biyu, ba ta waiga ba. Na kori yaron daga kalas ɗina na yini guda, amma na san gobe wani ne zai faɗa.

Na riƙe ta bayan an tashi. Ta ce innarta ta daina fita tasha tun Juma'a. Ta ce laifinta ne da ta rubuta sunan. Na ce ba laifinta ba ne. Ta ce to na wane ne, na rasa sunan da zan ba ta wanda zai yi mata amfani.

Litinin, bayan la'asar

Wata dabara ta zo mini, na kasa zama.

Mutane sun ɗauka farar Hasiya ce kaɗai ke da abin. To ai fara ba ta san Hasiya ba. Daga gonaki ɗaya matan nan ke kamowa da sanyin asuba, lokacin da ba ta iya tashi. In na gwada ta kowa, ta Gazawa da ta Agiye da ta yamma, na nuna layi biyun na ko'ina, dole a gane cewa abin da kowa ke ci ne tun kakanni, ba wanda ya mutu. Sunanta ya fita. Na'ura na hannuna har ƙarshen wata, mabuɗi na jakata, sauran ruwan gwajin zai isa sau ɗaya. Darekta ƙungiya ya ce ta tsaya, bai ce ni ba.

Busasshiyar da aka tafasa ba a soya ba, ina jin za ta ba da ADN in na yi haƙuri da ita.

Talata, 19 ga Nuwamba, kafin magariba

Na bi tirukan tasha ina sayen busasshiya kaɗan-kaɗan, kowace a ledarta. Matan suna ba ni suna kallon hannuna. Adama ta daɗe ba ta ɗebo ba. Ta ce, "Madam, ci za ki yi ko dubawa?" Na ce miya zan yi. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin miyar da ake yi da fara cikin tafin hannu ba. Ta ba ni duk da haka, don mutane na kallo, kuma hana ni ya fi ba ni muni.

Wannan karon lamba na sa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, bayan azahar

Jiya na hau babur zuwa Agiye na sayo tasu. Wata abokiyar karatuna da ke koyarwa a Sae Sabuwa ta aiko da ta can, da ta Gidan Rumji, ta hannun wani direba. Ya miƙo mini ledar yana cewa, "Madam, hwarar mu ta yamma dai tsarkakka ce, kada ki ja muna." Na yi dariya. Rabon da in yi dariya har na manta.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da azahar

Ni kaɗai a labo tun safe. Ban saba ba. Ina ta juyawa in ce a miƙo mini bututu, ba kowa. Inda yake tsayawa yana ƙirga mini lokacin na'ura, na aje jakata a wurin.

Wuta ba ta ɗauke ba. Na kunna shuɗiyar fitila.

Wasu ba su fito ba, tafasa ta lalata su. Waɗanda suka fito, mafi yawa layi biyu. Ta Agiye, ta Sae Sabuwa, ta direban yamma mai tsarki. Ta Adama ta fi kowace haske.

Na ɗauki hoto. Zan yi salla in tafi gidan Inna Hasiya. Alhamdu lillahi.

Asabar, gab da magariba

Na same ta a tsakar gida, tukunya bisa murhu, fara shanye a kan tabarmi har bakin rumbu. Na yi mamaki, don na ɗauka ta bar sana'ar. Salima na juya ta tabarma da tsintsiya.

Ban ko gama gaisuwa ba na fito da salula. Na nuna mata, na ce ga ta Agiye, ga ta Sae Sabuwa, ga ta matan tasha, duk iri ɗaya da tata. Na ce gobe zan tura ko'ina, in kai wa majo, in tsaya a tasha in nuna wa direbobi ɗaya bayan ɗaya. Ina ta zuba kamar 'yar kalas ɗin farko da ta ci jarrabawa.

Ta karɓi salular ta nisanta ta da idonta, ta daɗe tana kallo. Ta aza yatsa a kan mafi hasken.

"Wagga ta wa ce?"

"Ta Adama."

Ta miƙo mini abata, ta koma ta gyara itacen murhu. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Tun da ta bar tasha, Adama ke sayar mata. Da asuba ta fita kamu da sauran mata kamar kullum, ta tafasa ta soya a gida, Salima ta kai gidan Adama ta ƙofar baya kafin ta wuce lakol, a juye a tire ɗaya. Direbobin da suka guje ta, tata suke ci suna yaba hannun Adama. Ta ce mai yiwuwa ma wadda na gwada da sunan Adama tata ce.

Na ce to ai shi ke nan, in aka ga ta kowa haka take, sai ta koma ƙarƙashin bedinta da sunanta.

Ta ce, "Madam, ke kin yi bayani da bakinki, mi ya biyo baya? Yanzu mutane sun ce ta Hasiya ce maras kyau, suna cin ta saura. In kin ce ta kowa ce, ba cewa za su yi ashe Hasiya ba ta da laifi ba. Cewa za su yi ashe fara duka. Kaka ce guda muke da ita a shekara. Matan da ke fita da ni da asuba, wasu ba maza gare su."

Na ce amma gaskiya ce. Na ce sunanta fa, sunan da ta yi shekaru tana ginawa.

"Sunan ya riga ya tai. Ki bar shi ya tai shi kaɗai."

Salima ta daina shara, tana kallona. Na ga ita ma irin nawa take so, ta ga an wanke innarta a gaban waɗanda ke kiranta da sunan nan. Uwar ta ce mata ta je ta ɗebo ruwa.

Ta ce in goge hoton a gabanta. Ba da faɗa ta faɗa ba. Na goge. Ta ce da inda yake komawa in an goge, Salima ta taɓa nuna mata. Na shiga can ma na goge.

Ta ƙulla mini soyayya a leda, ta rako ni har zaure.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da hantsi

Ban fita ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba, da safe

Na bar jel ɗin a kan tebur tun ranar Asabar. Na kunna fitila don in gani ko da saura. Layukan sun baje, sun zama hazo-hazo, ba a rarrabe na wannan da na wancan. Haka jel yake yi in an bar shi. Na zuba a kwandon shara, na wanke faranti.

Na goge tablon labo gaba ɗaya, har kusurwa.

Laraba, 27 ga Nuwamba, bayan azahar

Na naɗe na'ura da tsohon zanena, na sa a kwalinta, na ba direban Maradi, na ce ya riƙe ta a gaba kada ya sa a but. Da la'asar saƙo ya shigo daga Dakta: ta iso. Ban amsa ba. Darekta ya gan ni da kwalin ina fita, ya ce Allah ya sa hakan shi ya fi alheri.

Yaran ƙananan kalas sun tambaye ni ko baɗi su ma za su yi na ƙwari. Na ce sai mun gani. Wata ta nuna mini kwalba, ta riga ta fara tara nata.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na gama gyaran takardun 'yan Tarminal. Na sake bin tasa ina neman inda zan rage, babu. Shi ya zo na ɗaya.

Litinin, 2 ga Disamba, kafin magariba

Na bi ta tasha zan aika wa innata saƙo Tibiri. Adama ta dawo da tirenta ƙarƙashin bedi, inda Inna Hasiya ke zama. Fasinja sun kewaye ta, tana auna wa wannan tana yi wa wancan ciniki. Na so in wuce ta bayan motoci, sai wani direban Tasawa ya gane ni. Ya ce matarsa na da ciki, ta aiko shi da kwaɗayin fara, shi kuwa ba zai kai mata abin da zai zame masa nadama ba. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Madam, ke ce mai na'ura. Ta Adamar nan fa, kin gwada ta?"

Adama ta tsaya da gwangwanin awo a hannu, ta zuba mini ido. Sauran matan ma sun bar abin da suke yi.

Na ce, "Ban gwada ba."

Direban ya ce to madalla, a cika masa leda babba. Adama ta sunkuya tana aunawa, ta ƙara masa gyara har ta zube a ƙasa. Ba ta sake ɗago kai ba har na bar wurin.

Sai da na iso gida na ga saƙon innata na nan a jakata.